Alkawarin Kuran da Inna Ta Ɗauka

Ni malamar kimiyya ce a wata kolej ta Madawa. Duk shekara in muka zo darasin yadda ake samar da wutar lantarki, wadda mu nan muke ce wa kuran, sai in shiga aji da mazarin kaɗi a cikin jakata. Yara su yi ta dariya, su ce yau madam kaɗin zare ta zo koya musu. Nakan bar su su gama dariyarsu, don na san kafin a tashi za su nemi a ba su mazarin su taɓa. Na uwata ne, kuma tun kafin in san harafi ɗaya maganar kuran take cikin gidanmu, alhali ko wayar lantarki ɗaya babu a garin.

Garinmu ƙauye ne a gindin dutse, tsakanin Keita da Buza. Lokacin da nake ƙarama ƙasar ta gaji. Ruwan sama in ya sauka a kan tudu ko gaisawa ba ya tsayawa yi, sai ya kwashi ƙasa ya bi kwari ya wuce, ya bar mana tsakuwa. Da an tattara ɗan abin da gona ta bayar maza suke kama hanyar cin rani, gari ya koma na mata da tsofaffi. Babana har Najeriya ya kai, ya yi aikin lebura kusa da wata babbar madatsar ruwa a kan kogin Kwara. Da ya dawo ya ba Inna labari cewa an tare kogi da bango, kuma daga wannan bango kuran yake fita, yana haska birane har da namu na Nijar. Bai san yadda ake yi ba, bai kuma ce ya sani ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa: ga bango, ga ruwa, ga wayoyi sun miƙe. Inna ta ji, ta ajiye a ranta.

Bayan haka ne masu aikin gyaran ƙasa suka iso yankinmu. Ana jera duwatsu a kan gangare, ana haƙa ramuka, ana dasa itatuwa, a ba ma'aikata abinci. Tun da maza ba sa nan, mata suka ɗauki aikin, kuma suka sa Inna gaba. Ba don ta fi su ƙarfi ba, don an san ta da magana ɗaya. Ita ake kira in mata biyu sun yi faɗa a bakin rijiya, ita ke raba goro a biki kowa ya yarda da rabonsa.

Mafi wuyar aikin shi ne baraj, wato bangon duwatsu da aka ce a tare kwarinmu da shi. Daga kan tudu ake sauko da dutse a ka, a zuba cikin ragar waya, a koma. Na tuna wuyan Inna da yamma, ba ta iya juya shi sai ta juya da jikinta duka. Ana tsakiyar aiki motar abinci ta yi jinkiri, zafi ya tsananta, mata suka yar da gammo suka ce sun gama. Wadda ta fara yar da nata ita ce taubashiyar Inna, wadda muke ce wa Gwaggo. Uwar Inna da uban Gwaggo ciki ɗaya suka fito, don haka wasa ne tsakaninsu tun suna yara, wasan da ba a fushi da shi ko ya kai ƙashi. Gwaggo ta ce ita ba jaka ba ce, ruwan da ya fi ƙarfin kakanni ba mata ne za su tsare shi da tsakuwa ba.

Inna ta hau kan tarin duwatsu. Ina tsaye ina kallo, da ƙanena goye a bayana.

Ta ce, "Ku saurara, mata. Uban ɗiyana ya gani da idonai, inda dut anka tare ruwa kuran na hitowa. In munka gama bangon ga, garin ga sai ya yi haske kamar Tawa. In bai zo ba, kar ku koma sauraren maganata."

Ba yaudara ta yi ba, har zuciyarta haka ta yi imani. Mata suka dubi juna, suka sunkuya suka ɗauki gammonsu. Gwaggo ce ta ƙarshe, tana ɗauka tana cewa ta riƙe wannan magana, kuma ita ba ta da mantuwa.

An gama baraj. Damina ta zo, ruwa ya taho da gudunsa da ya saba, ya tarar da bango ya tsaya. Ya kwanta a kwari, ya nutse a ƙasa a hankali. Rijiyoyin da suka ƙafe suka farfaɗo, igiyar guga ta gajarta. Aka fara lambun albasa da tumatur a ƙasan baraj, wasu mazan suka daina tafiya cin rani don aiki ya same su a gida. Komai ya zo sai abu ɗaya, kuran bai zo ba.

Gwaggo kuwa ta samu abin yi. Duk inda suka haɗu sai ta ce, "Uwar kuran, an kunna?" Inna ta ce yana bisa hanya, gara Gwaggo ta fara wanke idonta tukuna kada haske ya kashe mata shi. A sunan ƙanwata Gwaggo ta zo da tsohuwar fitilar aci-balbal, ta durƙusa ta miƙa wa Inna da hannu biyu gaban jama'a, ta ce a riƙa maneji da wannan kafin na baraj ya iso. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, Inna ma ta yi. Ni ce ban yi ba. Ni tun ina yarinya ba na ƙaunar a taɓa uwata, ko da wasa ne, kuma a ranar na ƙudura sai na gano inda kuran ɗin nan ya maƙale.

Da aka kai ni lekol, wato makarantar boko, a Keita na fara ganinsa ido da ido. A bayan gari akwai wani gida mai katanga da ke ruri kamar hadari, yana tashin baƙin hayaƙi. A ciki akwai gurup, wato babban inji mai shan man dizal da muke ce wa gazuwal, shi ke ba garin kuran. In gazuwal ya ƙare ko injin ya lalace, gari ya yi tsit, masu sayar da ruwan sanyi su yi tagumi. Abin ya ɗaure mini kai, don na leƙa ta ƙofa ban ga ko kwalbatin ruwa ba, balle bango. Wani mushenmu ne, malaminmu na lekol, ya warware mini da kekensa. Ya kifa keken, ya jingina ɗan dinamo da taya, ya juya feda da hannu, fitila ta kama. Ya ce a cikin dinamon akwai maganaɗisu da naɗin wayar tagulla, in maganaɗisun ya juya a tsakiyar wayar sai kuran ya tashi ya bi ta. Ya ce abin da ke cikin wancan gida mai ruri ke nan, girma kawai ya fi, kuma inji ke juya shi a maimakon ƙafa.

Daga nan na bi karatun har Yamai. Muna can aka kai mu arewa muka ga tashar da ke aiki da gawayin ƙasa. Ana haƙo gawayin, a ƙona shi a ƙarƙashin wata tukunya da ta fi ɗakinmu girma, ruwa ya tafasa, tururin ya fita da ƙarfi ya bugi fukafukan ƙarfe, su juya, su juya maganaɗisu. Na tsaya cikin wannan zafi ina tuna murfin tukunyar Inna da ke rawa in wake ya tafasa. Aka kuma koya mana na madatsar ruwa, wanda babana ya gani. A nan ne na gane ba bangon ne ke ba da kuran ba. Ruwa ne ke faɗowa daga bisa ta cikin bututu, da nauyinsa, ya bugi fukafukan. Ana bukatar tsawo mai yawa da kogin da ba ya ƙafewa rani da damina. Barajinmu in mutum ya hau kafaɗar wani zai leƙa bayansa, kuma kafin tsakiyar rani ruwansa ya gama shigewa ƙasa, don dama abin da aka gina shi ya yi ke nan.

Na zo hutu na tarar da Inna a inuwar zaure da hantsi tana kaɗi. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ke, tun da kin yi karatun abin, hwaɗa mini, yaushe za a ɗaura waya ga barajinmu?"

Na karɓi mazarin daga hannunta, na murza shi a kan tasa. Na ce mata duk tashoshin nan mazari ne a cikinsu, hannun da ke murza shi ne ya bambanta. A Keita gazuwal ke murzawa, a arewa tururi, a inda Baba ya je nauyin kogi. Akwai ma ƙasashen da iska ke murza musu. Ta gane nan take, don Inna ba ta da nauyin kai. Ta tambaye ni ko ruwanmu zai iya murza nasa mazarin. Na ce ba zai iya ba, ba yau ba, ba gobe ba. Har yanzu ban ga laifina ba. Ta tambaye ni gaskiya, kuma ita ce ta koya mini cewa wanda ya tambaye ka gaskiya ba ka ba shi wani abu daban.

Ta karɓi mazarinta ta naɗe zaren, ta yafa mayafi ta tafi gidan Gwaggo da ƙafarta. Ta gaya mata kuran ba zai zo ba, kuma ita ce ta sa mata ɗaukar dutse a kan maganar da ba ta tabbata ba. Daga ranar ta cika sharaɗin da ta ɗora wa kanta a kan tarin duwatsu. Ba wanda ya nema, da yawa ma sun manta. Amma in an kira ta sulhu sai ta ce a nemi wata, in an miƙa mata goron biki ta raba sai ta tura wa ta kusa da ita. Ta ce magana zarar bunu ce, ita ta ce kada a sake sauraronta, to ba za ta sa a saurare ta ba.

Na yi faɗa har na gaji. Na nuna mata lambuna, na nuna mata rijiyoyi, na ce ko makaho ya san bangon nan ya raya gari. Ta ce ba lambu ta yi musu alkawari ba. Taurin kan da ake cewa ina da shi, ga inda na gado shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Gwaggo ta daina tsokanarta. Sai su haɗu su gaisa da ladabi, ina kwana, ina gajiya, kamar baƙi a tasha. Taubasai in sun koma gaisuwar ladabi, to wani abu ya mutu a tsakaninsu. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Baba ya rasu, na yi aure, na fara koyarwa a Madawa, idon Gwaggo ya yi ta raguwa har ya rufe gaba ɗaya.

Ana nan aka fara ganin pano, faifan nan masu shan rana. Da farko ƙanana ne a kan rufin butik, wato kanti, ana cajin waya da su. Daga baya na kai ɗalibaina wajen Malbaza muka ga fili guda an shimfiɗe shi da su, sahu sahu, ba ruri ba hayaƙi. Wannan ita ce tashar da ta saɓa wa mazarin Inna, don babu abin da ke juyawa a cikinta. Hasken rana ne ke faɗa wa faifan, ya tunkuɗa wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su bi waya, tafiyar tasu ita ce kuran. Rarar da aka samu da rana a tara a batir don bayan faɗuwarta. Da na ba Inna labari ta taɓe baki, ta ce abin da ba ya juyawa me zai haifa, ko dutsen niƙa sai an motsa shi.

Wata shekara da rani ina gida sai ga mota da wasu injiniyoyi. Suna zagaya ƙauyukan da ke nesa da babban layin kuran, suna neman inda za a kafa ƙaramar tashar pano. Mai gari ya aiko in zo in taya su magana, tun da ina jin faransanci kuma na san harkar. Na zaga da su lambuna, suka leƙa rijiyoyi, suka ga masu ban ruwa da masu ɗurin albasa a buhu, suka ga gidaje a buɗe da mutane a ciki. Bayan wasu watanni labari ya zo cewa garinmu aka zaɓa, aka tsallake wani gari da ya fi mu girma nesa ba kusa ba.

Da suka dawo auna fili na tare babbansu na tambaye shi dalili, don ni ba na son alherin da ban san tushensa ba. Ya ce tashar pano da rana take ba da ƙarfinta, don haka tana son garin da ke da aikin rana: famfon ban ruwa, injin niƙa, firigo mai sanyaya ruwa. Wancan babban garin da rani rabin gidajensa a kulle suke, masu su sun tafi cin rani, wa zai sha kuran ɗin? Kuma faifan suna son wanki a kai a kai, in ƙasa ta rufe su ƙarfinsu ya ragu, garin da ake tafiya mai nisa neman ruwan sha ba zai wanke gilashi ba. Ya nuna kwari da hannu ya ce ba don wancan bangon ba da ba su tsaya a nan ba, ya tambaye ni wane kamfani ne ya gina shi. Na ce masa kamfanin yana gida yana kaɗin zare. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Na tafi gida kusan da gudu, ni da girmana. Na zayyana wa Inna komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Amma ke kinka ce ruwanmu ba shi murza mazarin."

Na ce, "Ba shi murzawa, Inna. Mutane yat tsaida, mutanen kuwa su sunka jawo kuran."

Ta dubi zarenta. Ta ce wannan bayanin 'yan lekol ne, ta ji, amma ba ni ta yi wa alkawari ba. Wadda ta ce ta riƙe maganar tana nan da ranta, sai abin da ta ce.

An kafa faifan a kan tudun da ke kallon baraj, aka dasa sanduna, aka ja waya. Cikin azumi aka kunna, a tsakiyar zafin bazara. Famfuna suka fara zuba ruwa a lambu ba hayaƙi, injin niƙa ya tashi, yara suna bin sanduna suna ihu. Aka je aka gaya wa Gwaggo gari ya samu kuran. Ta ce ita ba ta ga komai ba, duhun da take ciki jiya shi take ciki yau, in suna so su ce mata an sauko da wata tsakar gari ma sai su faɗa. Da aka kawo mini wannan magana raina ya ɓaci, na ce tsohuwar nan har ta mutu ba za ta sassauta ba. Inna kuwa na ga gefen bakinta ya motsa. Rabon da Gwaggo ta aiko mata da baƙar magana an daɗe.

Washegari da safe Inna ta ɗauki guga ta tafi rijiyar da ke ƙasan baraj. Na ce in ɗebo mata, ta hana. Ta ja ruwan da kanta, ta zuba a ƙaramar tasa, ta kai wa mai butik ɗin da ya sayo firigo, ta ce ya sa mata a inda ya fi sanyi. Da la'asar sakaliya ta koma ta karɓo, ruwan ya daskare ya zama dunƙulen ƙanƙara. Ta naɗe shi a gefen mayafi, ta ce in rako ta.

Muka tarar da Gwaggo a kan tabarma tana jiran kiran salla, leɓunanta sun bushe, ga ƙwaryar kunu a gefe. Inna ba ta yi sallamar ladabin nan ba. Ta zauna, ta kamo hannun Gwaggo, ta buɗe tafin, ta ɗora mata ƙanƙarar. Gwaggo ta zabura za ta yar, Inna ta danne hannun da nata.

Ta ce, "Ruwan barajin da kinka ce ba mata za su tsare shi ba. Taɓa ki ji. An kunna."

Gwaggo ta yi ta juya dunƙulen a hannu, ruwa na bin tsintsiyar hannunta yana ɗiga a zane. Ta kai shi goshi, ta kai shi wuya, daidai inda dutse ya taɓa danne su duka biyun. Ladan ya kira salla, ta gutsura ta sa a baki.

Sannan ta ce, "Uwar kuran, alkawarin naki kan jaki yat taho, shi as sa ya tsuhwa bisa hanya. Sai da kinka bari idona ya tahi, muguwa." Ta laluba ta kama mayafin Inna. "Jibi akwai suna gidan ɗana. Ke za ki raba goro, kuma in kinka rage mini nawa, garin ga sai ya ji mu."

Inna ta ce makauniya ba ta ƙirga goro, abin da aka ba ta shi za ta karɓa. Suka kaure da faɗa, kunu na hucewa, ni kuwa na juya baya ina share ido da bakin mayafi don kada su samu abin tsokanata.

Ranar sunan Inna ta raba goro, ba wadda ta yi ƙorafi sai Gwaggo. Da zan koma Madawa ta miƙo mini mazarin, ta ce idonta ya fara gajiya da zare, in tafi da shi in nuna wa yaran mutane. Ta ce in gaya musu yadda ake murza shi daidai, kada wani ya sake hawa kan duwatsu ya faɗi abin da bai sani ba. Ina gaya musu. Ina kuma gaya musu wadda ta hau.